Kwanon Ranar Alhamis

Ran nan na ji ku, Bashir, kai da ƙanwarka Ummi, kuna ƙus-ƙus a falo wai tsufa ya fara taɓa ni, don na yi wa matarka faɗa a kan kwanon ɗanwake. Maƙwabciya ce ta aiko, ita kuma ta tuna likita ya hana ni kanwa da gishiri, sai ta mayar musu da abinsu a rufe, haɗe da godiya. Na san don ni ta yi, yarinyar kirki ce, Allah ya yi mata albarka. Amma faɗan nan ba ruɗewar tsufa ba ce. Tun kuna yara kuke ganin duk abin da aka aiko mana sai na buɗe na kai loma, ko da yanzu na wanke hannu daga cin wani. Ba ku taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. To yau ga shi a rubuce, tunda baki ya kasa.

Kun san shekarar da na bar ku wajen Inna a Zariya na tafi Kamaru. Kai kana da shekara bakwai, Ummi biyar. Kun sha jin dangin ubanku suna cewa na tafi yawon duniya. Gaskiyar magana ita ce, da na fita takabar mahaifinku, ɗakin nan ya gagare ni zama. Ko'ina na juya rigarsa ce, butarsa ce, tarinsa ne a kunnena. Ana haka sai ƙungiyarmu ta malamai mata ta ce Hausawan Yawunde suna neman wadda za ta je ta koya wa 'ya'yansu Turancin Ingilishi na shekara guda, aikin sa kai, ba albashi, sai ɗan guzurin da ƙungiya za ta haɗa. Na ɗaga hannu tun ba a gama karanta takardar ba. Na gaya wa Inna aikin Allah zan je, na gaya wa kaina haka nan. Rabi aikin Allah ne, rabi gudu ne, kuma na sa wa raina cewa in dai yara sun ƙaru da ni, to barin da na yi muku bai tashi a banza ba.

Na sauka a unguwar Briqueterie, wadda kowa ke ce wa Birik, a tsakiyar shekarun da suke kira lakiris, wato matsin tattalin arziki. An zabge wa ma'aikata albashi, an sallami wasu, kuma ciwon ya gangaro har kan masu ɗinki da masu tsire, don wanda ba a biya shi ba ba ya ɗinka sabuwar riga. Ka bi layin teloli da hantsi ka ga kekuna a rufe da zane, masu su suna zaune a benci suna kallon hanya. Gari ne na tudu da gangare, ga jar laka, ga ruwan sama da ba ya sallama kafin ya sauko. Aka ba ni ɗaki a gidan Hajiya Laraba, wata dattijuwa mai sayar da atamfa, haifaffiyar Birik ce amma kakanta Bakano ne, kuma ba ta bari ka manta da haka. Gidan ya cika da 'yan haya, Hausa a nan, Fillanci a can, yara suna faɗa da Faransanci. Makarantar kuwa rumfar katako ce a bayan shagon Alhaji Garba tela, shugaban iyayen yara. Wani ɗan kasuwa ne ya ba da aron wurin, da sharaɗin in aji ya mutu zai karɓi abinsa ya zuba kaya. Ranar farko yara arba'in da uku na ƙirga, wasu a ƙasa don benci bai isa ba. Kafin sati ya zagayo sun laƙaba min Madam Angile, wato matar Ingilishi, har manya suka ɗauka.

A rana ta biyu da azahar wata ɗalibata ta shigo da kwano a kai, an ɗaure shi da mayafi. Shinkafa ce da miya, har da nama yanka uku. Washegari wani gida ya aiko, jibi wani. Hajiya Laraba ta ce haka ake yi, iyaye sun raba kwanaki a tsakaninsu, kowane gida da ranarsa ta ciyar da malama. Na ci na kwana huɗu. A rana ta biyar, lokacin shan iska, na ga yarinyar da za ta kawo min abinci ran nan ta raɓe a bayan rumfa tana gaigayar guntun dafaffen rogo, gaya, ko gishiri babu. Da azahar ta zo min da kwano, na buɗe, kaza. Wallahi na kasa cin abincin nan. Na ce a raina, Binta, kin bar 'ya'yanki kin zo ƙasar mutane kina cinye kazar yaran da ke kwana da rogo? Dama ƙungiya ta ja mana kunne kada mu zame wa kowa nauyi. Ranar Asabar da iyaye suka taru, na miƙe da muryata ta aji, wadda kuka sani, na ce na gode ƙwarai, amma ni aikin sa kai na zo yi, ba na buƙatar komai daga kowa, don Allah kowa ya bar abincinsa ya ba 'ya'yansa. Na zauna ina jin daɗin kaina. Wurin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka maganar ce ta ratsa su.

Na sayi risho da 'yar tukunya, na riƙa dafa taliyata a ɗaki, ina tura ƙofa don kada ƙamshi ya tsone wa wani ido. Kwanuka ba su daina zuwa nan take ba. Duk wanda ya zo sai in yi godiya, in sa albarka, in mayar a ɗaure yadda ya zo. A hankali suka ragu, har suka ɗauke. Hajiya Laraba ta yi min hannunka mai sanda ya fi a ƙirga. Ta ce baƙo ko da ido makaho ne. Ta ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Ni kuwa da taurin kai irin na malamar da ta saba ita ke gyara wa mutane, sai in yi dariya in ce Hajiya ke nan, ba ki rabo da karin magana.

Kwano ɗaya ne bai daina zuwa ba, na ranar Alhamis. Mai shi wata tsohuwa ce, Dada Asta, Bafillatana daga wajen Marwa. Mijinta ya yi aikin shanu a kasuwar Etoudi har ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, tana zaune ita kaɗai a wani ɗaki can gangaren da ya haɗa Birik da unguwar Ekoudou, tana soya gyaɗa tana ɗurawa a kwalabe. Ba ta da ɗa ko jika a ajina, ba ta da wanda za ta aika, don haka da kanta take hawo tudun, kwano a kai, sanda a hannu. Koren kwano ne, murfin ya ɓantare a gefe. Sai ta zauna a dokin ƙofata ta huta, numfashi yana fita da ƙyar, sannan ta turo min shi da Hausarta mai karkata.

“Malama, ga tuwo. Ci kaɗan.”

In ce na ƙoshi, Dada, Allah ya saka da alheri, ke ya kamata a kawo wa. Ba ta taɓa yin musu ba. Sai ta ɗan jima tana kallon tsakar gida, ta ɗora kayanta a kai, ta dogara sanda.

“To, sai wata Alhamis.”

Wata rana ma, don in nuna ni mai tarbiyya ce, na ɗora mata sabulu a kan murfin a matsayin tukwici. Tukwicin kwanon da ban buɗe ba. Ta kalli sabulun, ta kalle ni, ta ajiye min shi a kan tabarma ta tafi. Har na ji haushi, na ce tsohuwar nan da girman kai take.

Ana cikin haka yara suka fara zamewa. Ba wanda ya zo ya ce ya cire ɗansa. Yau a ce wannan zazzaɓi yake yi, gobe a ce waccan tana taya uwarta talla. Arba'in da uku suka koma talatin, suka koma ashirin, benci ya fara yi mana yawa. Na ɗora laifin a kan lakiris. Na ƙara ƙwazo, na rubuta waƙoƙi a allo, na yanka kwali na zana dabbobi, na bi gida gida. Ko'ina aka karɓe ni da fara'a, a shimfiɗa tabarma, a ce in sha Allahu gobe zai zo. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, duk gidan da na shiga ba a ƙara kawo min ko ruwan sha ba.

Kaɗaici kuwa, 'ya'yana, ban san shi ba sai a gidan da ya fi kowane gida hayaniya. A takaba ma mutane suna shigowa su zauna da kai. A nan kuwa gaisuwa ce lafiya lau, ina kwana Madam, ina gajiya Madam, shi ke nan an rufe. In mata suna hira a gindin murhu na fito, sai hirar ta koma Fillanci ko ta mutu. In aka yi haihuwa sai dai in ji guɗa. Wasiƙa daga gida takan yi wata biyu a hanya. Akwai wadda Inna ta sa aka rubuto, Ummi ta ɗora hannunta a bayan takardar aka zagaye shi da biro. Hannun nan shi ne abokin hirata. In na dawo daga aji da la'asar, ruwa yana dukan rufi, sai in ɗora tafina a kansa in yi ta ba shi labarin yau. Ranar ƙaramar Sallah ce ta fi ci min rai. Na yi wanka na sa sabon leshi na zauna, na bar ƙofa a buɗe da gangan. Tun safe kwanuka suke ƙetare tsakar gida, daga wannan ɗaki zuwa wancan, daga waje zuwa ciki, yara suna wucewa ta gabana suna cewa barka da Sallah Madam Angile. Ko ɗaya bai tsaya a ƙofata ba. Na dafa taliya ranar Sallah, na ci ina kuka, kuma ko a lokacin ban ga laifina ba, cewa na yi mutanen nan ba su son baƙo.

Sai wata Alhamis Dada Asta ba ta zo ba. Zan faɗa muku abin da na ji, don na ce gaskiya zan rubuta: sauƙi na ji. Na ce alhamdu lillahi, tsohuwa ta gane, ta huta da hawan tudu. Alhamis ta gaba ma shiru. Na ji a bakin masu ɗiban ruwa cewa tana kwance, ƙirji ne. Na ce zan je ranar Asabar. Asabar aka wuni ana ruwa, gangaren ya zama santsi, na ce gobe. Lahadi na tsaya gyaran littattafan yara shidan da suka rage min. Litinin da hantsi ina aji na ji salati, aka wuce da makarar Dada Asta ta bakin shagon Alhaji Garba. A ranar ne kuma, bayan an dawo daga maƙabarta, Alhaji ya kira ni gefe, yana magana yana kallon ƙasa, ya ce mai rumfa ya yi magana, iyaye za su zauna ranar Asabar, kuma shi dai bai ga yadda za a riƙe wuri saboda yara shida ba. Na koma ɗaki na jawo akwati na fara ninke kaya. Abin da ke cina shi ne da wane ido zan kalle ku. Na bar ku wata shida, na dawo hannu rabbana, ko sunan dabbobi ban gama koya wa kowa ba.

Ranar Alhamis da azahar ina durƙushe a gaban akwati, aka yi sallama. Hajiya Laraba ce, ita da ba ta taɓa tako ƙofata da kanta ba. A hannunta koren kwanon nan ne mai ɓantararren murfi. Ta ajiye shi a dokin ƙofa, daidai inda mai shi take zama. Ta ce da suka je jinya, Dada ta nuna musu ƙullin garin masara da na busasshiyar yakuwa da 'yar gyaɗa a ƙarƙashin gado, ta ce na malama ne, ranar Alhamis tata ce, kada a ba wa wani gida. Shi ne yau ta tuƙa. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga min hannu.

“Malama, yau ba karin magana, tunda ba kya ji. Ke kin ɗauka yunwa muke jiye miki? Ba mu da abin biyan ki, kowa ya sani. Kwanon nan shi ne abin da ke sa uba ya turo ɗansa kansa a ɗage. Da kika ƙi ci, kin mai da karatun sadaka, mu kuma kin mai da mu mabarata. Wasu suka ce ƙyamar hannunmu kike yi, wasu suka ce tsoro kike kada a zuba miki wani abu. To wadda ba ta yarda da hannunmu ba, ta yaya za mu ba ta 'ya'yanmu?”

Na ce Hajiya, yarinya na gani tana cin gayan rogo.

“Rogon uwarta ne, kazar ma ta uwarta ce. Ke wa ya naɗa ki mai raba musu?”

Sannan ta sassauta murya ta gaya min abin da har yau yake hana ni sakewa. Ta ce lokacin da ake raba kwanaki ba a sa Dada Asta ba, don ba ta da yaro a aji kuma kowa ya san halin da take ciki. Ita ta je har shagon Alhaji Garba ta zauna ta ƙi tashi, ta ce shekara talatin tana unguwar nan, ba a taɓa kiran ta taron iyaye ba, ba a taɓa ƙirga ƙofarta a cikin gidaje ba, to wannan karon sai an ba ta rana kamar kowa. Aka ba ta Alhamis. Ta riƙa faɗa wa masu sayen gyaɗarta cewa ita ma tana da malama.

Ban san lokacin da na ɗauki kwanon ba. Ban shiga da shi ɗaki ba. Na fito tsakar gida, gindin murhu inda mata suke, na zauna a ƙasa da zanen jikina, na buɗe. Tuwon masara ne da miyar yakuwa da gyaɗa, babu nama, babu komai. Na wanke hannu na yi bismilla na fara ci. Hawaye yana zuba a cikin miyar, ina haɗawa ina haɗiyewa. Wata ta daina daka ta tsaya da taɓarya a hannu. Can sai matar ɗakin da ke kallon nawa, wadda muka yi wata shida ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa, ta tashi ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye a gefena. Na cinye tuwon tas, na suɗe kwanon da yatsa.

Ban roƙi kowa ba, ban bi gidan kowa ba, kunya ma ba za ta bar ni ba. Washegari Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yarinyar nan mai rogo ta yi sallama da kwano a kai. Wake da shinkafa ne. Na ci a gabanta, na tura mata ta ci tare da ni, na sa 'yar alewa a kwanon na mayar. Asabar iyaye suka zauna, ban san me aka ce ba don ba a kira ni ba, Alhaji Garba dai ya leƙo ya ce a ci gaba da karatu. Litinin na ƙirga yara goma sha tara. Ba su taɓa komawa arba'in da uku ba, akwai gidajen da har na bar garin ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da waɗanda suka dawo na ƙarasa shekarar, na zazzage akwati, risho ya yi tsatsa a bayan ƙofa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, sai Allah ya sa wata baiwarsa ta bar min ƙullin gari a ƙarƙashin gado.

Daga baya na zauna na ƙirga. Sau ashirin da ɗaya matar nan ta hau tudun Birik da kwano a kai, ta sauka da shi cike. Loma ɗaya take nema in kai baki a gabanta, ban ba ta ba. Na ci tuwonta ranar da ba ta nan ta gani.

A ranar Alhamis ɗin nan, da na gama, na wanke kwanon na goge shi. Kun san ba a mayar da kwano haka nan, sai na shiga ɗaki na ɗauko sabulun nan da ta taɓa ajiye min a tabarma, na sa a ciki na rufe. Na fito na tsaya a tsakar gida, na tambayi Hajiya Laraba wa zan kai wa.

“Ba kowa, Malama. Ba ta bar kowa ba.”

Shi ne koren kwanon da ke saman kabad ɗina, wanda Ummi ta so ta zubar lokacin da muka tashi daga tsohon gida, na kusa cinye ta da faɗa. Sabulun yana ciki, ya bushe ya tsattsage. Bashir, ka ba matarka haƙuri a kan zafin da na yi mata. Amma ka gaya mata, in maƙwabta sun sake aikowa, ta kawo min in buɗe. Likita loma ɗaya ba za ta kashe masa ni ba.